Cin rani a dajin Coronado

Ranar da na gaya wa Baba a waya cewa zan tafi aiki a daji, sai da ya yi jim, sannan ya ce, "Wato duk karatun nan da ƙetare tekun nan, cin rani za ka koma?" Na yi dariya, amma da na ajiye wayar na ga bai faɗi ƙarya ba. Mu mutanen Maigatari ba baƙin cin rani ba ne: a gama girbi, a ɗaure ƙunshi, a nufi Kano ko Kurmi, sai hadari ya fara haɗuwa a juyo gida. Bambancin kawai shi ne ni daga Houston na tashi, inda na shekara shida ina jan taksi da dare har bayana ya fara ƙara, kuma hamadar Arizona na dosa.

Abin da ya fara ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gane ta wace ƙofa ake shiga. Manyan gandun dajin Amurka na gwamnatin tarayya ne, akwai hukuma guda da ke kula da su a ƙarƙashin ma'aikatar noma, kuma duk shekara tana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi. Su kansu suna kiran juna 'yan 1039, saboda aikin ba ya wuce awa 1,039 a shekara. Tun da kaka ake neman aikin bazara mai zuwa, ta shafin neman aikin gwamnati mai suna USAJOBS. Dare biyu na ɓata ina cike-cike, ina gyara tarihin aikina, kafin idona ya sauka kan layin da ya ce sai ɗan ƙasa. Ni kuwa katin zama kawai gare ni. Ba laifin kowa ba ne, ni ne ban karanta daga farko ba.

Wani dattijo da na taɓa ɗauka daga filin jirgi ne ya buɗe mini ido. Ya ce in fara da aikin sa kai. Ana neman masu kula da sansanonin da mutane ke kafa tanti, ba albashi, amma za a ba ka wurin ajiye mota ka zauna kyauta tsawon lokacin. In ka yi hunturu guda aka san fuskarka, kamfanonin da gwamnati ke ba kwangilar gudanar da wasu sansanonin za su ɗauke ka da kuɗi, su kuma ba ruwansu da zama ɗan ƙasa muddin kana da izinin aiki. Na cike takarda a shafin Volunteer.gov, aka kira ni a waya, aka binciki ko na taɓa yin laifi, bayan mako uku aka ce in zo gandun dajin Coronado, kusa da birnin Tucson. Tuson ake furta shi. Abokaina na Houston sun yi wata guda suna tsokanata da sunan garin, ba sai na faɗi dalili ba.

Gidana tsohuwar Toyota Sienna ce. Na cire kujerun baya, kafinta ya buga mini gado da katako, na ɗora katifa, ƙarƙashinta na jera jarkoki huɗu na ruwa, murhun gas, faifan sola da batir, shinkafa, taliya, kifin gwangwani, yaji, kuka da daddawa. Buta biyu, don in ɗaya ta fashe ban san inda zan samu wata ba.

Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, babban titi mai lamba 10, sama da kilomita 1,700, kuma fiye da rabinsa cikin Texas kake. Ka wuce San Antonio sai ƙasa ta fara tsirara. Bayan El Paso da Las Cruces akwai shingen jami'an kan iyaka, suka tambaye ni ko ni ɗan ƙasa ne, na miƙa katina, aka ce in wuce. A kusa da Lordsburg na ga allunan gargaɗi a jere kan guguwar ƙura: ka sauka daga titi, ka kashe mota, ka ɗage ƙafa daga birki, don kada na baya ya bi fitilarka ya afka maka. A Arizona habub suke kiran irin wannan guguwa, kalmar da mutanen Sudan suke kiranta da ita. Na ji daɗin haka ba gaira ba dalili.

Na iso da kwana goma kafin ranar fara aiki, sai na yi abin da kowa a wannan harka yake yi, na shiga daji na sauka kyauta. Doka ta yarda ka kafa sansani a mafi yawan filin gandun ba tare da biyan ko sisi ba, amma kada ka wuce kwana 14. Ofishinsu na ba da taswira kyauta mai nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi. Bayan gida kuwa rami za ka haƙa, zurfin kamar taƙi guda, nesa da ruwa da taku saba'in. Dokar jihar ma ta hana sauka dab da mashayar da dabbobi ba su da wata sai ita. Wannan kam ko Bafulatanin ƙauyenmu zai sa mata hannu.

A hanyar Redington na sauka, tsakanin duwatsun Santa Catalina da na Rincon. Ni da aka ce hamada, rairayi na zana a raina, irin tuddan da ke wajen Yusufari. Sai na tarar da daji cike da tsirrai, kowanne da makaminsa. Ruwan da ke sauka a Tucson bai wuce kimanin milimita 300 a shekara ba, amma kashi biyu yake zuwa, wani da hunturu, wani a Yuli da Agusta, shi ya sa ƙasar ba ta mutu ba. Akwai wata bishiya da suke kira meskit, dangin ƙirya ce, gawayinta ma haka yake da kyau. Akwai wata ƙaya mai gaɓa-gaɓa, cholla suke rubutawa, coya suke cewa, wadda ko gogarta ka yi sai gaɓa guda ta ɓalle ta liƙe maka. Na sa hannu zan cire ta daga ƙwaurina ta koma hannun. Wata tsohuwa da ta sauka can gefe a motarta ta zo da matajin kai, ta zura shi tsakanin ƙayar da fatata ta fizge. Tun daga ranar ban sake fita ba mataji a aljihu ba.

Sannan ga sarkinsu, sawaro. Ka ɗauki tinya ka miƙar da ita sama ta kai tsawon bene mai hawa uku ko huɗu, ka ba ta hannuwa kamar mai addu'a. A wannan hamadar ta Sonora kaɗai yake fitowa a duniya. Shekara takwas na farko da kyar yake kai tsawon gaɓar yatsa, sai ya haura shekara 50 yake fara fid da hannu, yana kuma iya kai 150 zuwa 200. Ƙabilar Tohono O'odham, masu ƙasar tun asali, suna ɗaukarsa tamkar ɗan'uwa, a watan Yuni suke kaɗo 'ya'yansa da doguwar sanda da ake yi da haƙarƙarin wanda ya mutu.

Sallar farko da na yi a wurin, gabas na fuskanta kamar yadda na tashi na gani. Da na duba waya daga baya sai ta nuna mini alƙibla ta fi kusa da arewa. A Houston cikin ɗaki nake salla, ban taɓa lura da inda rana take ba. A nan kuwa rana na fitowa ta hannun damana ina sujada, jikina ya daɗe bai yarda ba. Ruwa kuma na yi masa lissafin ɗan birni. Ƙa'idarsu lita huɗu ta sha ga mutum ɗaya a yini, ni kuma ga alwala, ga tsarki, ga girki, ga wanke tukunya. Kwana biyar jarkoki suka ƙare. Na koma taimama, abin da rabona da shi tun ina almajirin makarantar allo ana koya mana a baki.

Sansanin da aka ba ni yana kan titin da ya hau dutsen Lemmon, ɗan sama da inda sawaro yake ƙarewa. Ba famfo, ba lantarki, sai shadda, teburan cin abinci da murhun ƙarfe a kowane fegi. Aka ba ni riga da hula, rediyon oba-oba, makullai, shebur da manjagara. Da safe in zagaya in duba wa ya biya kuɗin kwana, in share, in kwashe toka, in wanke bayan gida. I, wanke bayan gida. Na daɗe ban faɗa wa 'yan gida wannan ɓangaren ba, ko da yake wanda yake karɓa a hannuna ranar hutuna tsohon injiniya ne da ya yi ritaya, kuma da waƙa yake yin nasa. Babban aikin dai wuta ce. Duk wanda ya tashi, sai na je murhunsa na zuba ruwa, na juya da shebur, na sake zubawa, na kai bayan hannu kusa. In da ɗumi, ba ta mutu ba. A Disamba kuwa ranar da na manta buta a waje, da asuba na tarar da ita ta zama dutse.

Ba nisa da wurin akwai kangon wani tsohon gidan yari. Fursunoni ne suka fasa titin dutsen, daga 1933 har zuwa 1950. A 1943 aka kawo wani ɗalibi Ba'amurke ɗan asalin Japan, Gordon Hirabayashi, wanda ya ƙi bin dokar da ta tsare mutanensa lokacin yaƙin duniya na biyu. Na ce aka kawo shi, amma shi ya kawo kansa: da roƙon ɗani a bakin titi ya zo tun daga jihar Washington don ya yi zaman wa'adinsa, da ya iso ma sai da aka sha neman takardunsa. A 1987 kotu ta soke hukuncin, a 1999 aka sa wa wurin sunansa. Nakan je can da yamma in zauna kan tubalin da ya rage.

Baƙin hunturu iri biyu ne. Akwai tsofaffi masu hali da ke gudo sanyin arewa a manyan motoci masu ɗaki da falo, su koma in zafi ya kawo kai. Ni shamuwa nake ce musu. Akwai kuma waɗanda motar ce kaɗai abin da suka mallaka. Su ne 'yan cin rani na gaskiya: Oktoba suna Dakota ta Arewa wajen girbin gwozar da ake sukari da ita, ƙarshen shekara suna manyan sito-sito suna ɗaure kaya, Janairu suna kasuwar garin Quartzsite a hamadar Arizona, bazara suna sansanonin kan dutse. Da yawansu sun haura sittin. Tsohuwar nan mai mataji tana cikinsu, ba ta taɓa ce mini ba ta da gida ba, ni ma ban tambaya ba.

Ciyawa ce ta fi tsaya mini a rai a duk zaman. Wata Asabar aka nemi masu sa kai su je tugar wata ciyawa a gangaren da ke kusa da kwarin Sabino. Muka hau da diga da dogayen sandunan ƙarfe da buhuna. Jagorarmu ta tsuguna ta nuna mana abokiyar gabar, ta ce mu shafa kanta mu ji. Ina taɓawa na ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Kan nan na san shi. Bai da cizo kamar namu, amma gidan ɗaya ne. Da na tambaya ta faɗi sunan da masana suka ba ta, na duba, ashe 'yar'uwar ƙarangiya ce ta jini. Bafal suke kiranta. Daga Afirka aka kawo ta tun shekarun 1930, don shanu su ci, ta kuma riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Har gobe makiyaya a Texas da arewacin Meziko shuka ta suke yi. A Arizona kuwa tun 2005 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi.

Laifinta shi ne ta zo da ɗabi'ar gida. Ciyawarmu ta saba da wuta, a ƙone daji da rani, ruwan farko ta tofo kamar ba a yi ba. Wannan hamada kuwa ba ta san wuta ba, don tsakanin tsiro da tsiro fili ne fetal, ko tsawa ta kunna wani wuri ba abin da zai kai wutar gaba. Sai bafal ta zo ta cike filin nan kaf, ta bushe ta zama makamashi, in ta kama zafinta ya haura digiri 700. Sawaron da ya shekara ɗari yana tsaye ya dahu a cikin 'yan mintoci, ita kuwa ta dawo ta gaje wurinsa. Ga shi daminar 2021 ta yi albarka, Yulin shekarar ya fi kowane wata ruwa a tarihin Tucson, ciyawar ta samu yadda take so.

Tugar ba wasa ba ce. Kafin ka sa hannu sai ka zunguri gindin da sanda, saboda macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya yana son kwanciya a ciki. Sannan ka soka ƙarfen ƙarƙashin saiwar, ka banƙare, ka fizgo ta gaba ɗaya, don in ka bar guntu ka yi aikin banza. A cusa a buhu, ko a tara a danne da duwatsu. Feshi ba ya kama ta sai tana ɗanya. Irinta kuma yana shekaru a ƙasa yana jira, dole a riƙa komawa wuri guda shekara bayan shekara. A nan ne kaɗai na fi Turawan nan iya aiki. Hannun da ya saba da fartanya bai manta ba, kafin su cika buhu ɗaya na cika uku, har jagorar ta ce in nuna musu yadda nake karkata ƙarfen.

Da dare na gangara inda waya ke kamawa na kira gida. Na ce, "Baba, yau ciyawa na tuga tun safe, buhu goma sha ɗaya." Ya ce, "Madalla. Nawa ake sayar da buhun?" Na ce ba sayarwa ake yi ba, bola ake kaiwa. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce, "To su ba su da dabbobi ne?" Na yi ta bayani kan wuta da sawaro, yana ta cewa to, to, irin to ɗin da na san bai gamsu ba. Mutumin da ya ga shekarar da aka ɓarje ƙwayar ƙarangiya aka ci, wanda duk rani sai ya sayi harawa da tsada, yaya za a yi ya gane ɗansa yana zubar da abincin shanu a ƙasar Turawa, kuma kyauta?

A watan Maris na nemi aikin kamfani. Wannan karon ba wahala: jagorar sa kai ta tsaya mini, aka yi hira ta waya, na kai katin zama da lambar biyan haraji, aka ce in hau sama tsakiyar Afrilu. Albashin ya ɗan ɗara mafi ƙarancin na jihar, wanda a 2022 yake dala 12.80 a awa. Azumi ya riga ya kama, na kuwa gode wa Allah da hawan, don ƙasa ta fara zafi.

Titin kilomita 43 ne, amma sai ka ce ƙasashe ka ratsa. Ka bar sawaro, ka shiga ciyawa da gajerun itatuwa, ka ɓulla cikin dogayen bishiyoyi masu ganye kamar allura, iska ta yi sanyi, ƙolin dutsen ya kusa mita 2,800. Shi ya sa suke kiran waɗannan duwatsu tsibiran sama, kowanne hamada ta kewaye shi kamar teku. Gandun Coronado ma ba dunƙule yake ba, irin waɗannan duwatsu ne warwatse har cikin New Mexico. A can sama ba maciji ne abin tsoro ba, beyar ce, baƙar dabbar nan mai son kayan ci. Ko man goge baki ba a bari a tanti, sai a akwatin ƙarfe. Daddawata na fi jin tsoro, na nannaɗe ta cikin leda uku.

Ta ko'ina kuma ga tabon wuta. Ranar 5 ga Yuni 2020 tsawa ta faɗa dutsen, gobarar da aka kira Bighorn ta ci wajen hekta 48,000 kafin a shawo kanta a Yuli. Kafin ita, ta 2003 ta cinye gidaje sama da 300 a ƙauyen Summerhaven da ke can ƙoli. Don haka da bazara ta tsananta aka hana kunna itace da gawayi kwata-kwata, sai murhun gas mai makunni, ba wanda ya yi mamaki sai baƙi. Nan aikin ya koma na ɗan sanda marar bindiga. Wani magidanci ya hau da iyalinsa da nama cike da kula, ya riga ya hura gawayi, yara sun kewaye shi. Na je na ce ya kashe. Ya ɗaga murya, ya ce ya biya kuɗinsa. Raina ya so in kau da kai, don na san abin da ake ji in an hana mutum gashi ga nama a hannu. Na nuna masa gangaren da ke fuskantarmu, baƙaƙen kututture tsaye har iyakar gani. Bai ce komai ba. Na kawo masa murhuna da kaskona, ya soya naman yana ƙunƙuni, ya aiko yaro da faranti, na ce na gode na ƙoshi.

Damina ta sauka a ƙarshen Yuni. Da hantsi sama tas, da azahar hadari ya taru a kan dutsen, kafin la'asar tsawa kamar za ta tsaga ƙasa, mu bi tanti-tanti muna cewa a shiga mota. Babbar Sallah ta faɗo ranar Asabar, ranar da sansani ya fi cika. Na gangara da asuba na yi idi tare da Somaliyawa da Sudaniyawa da Larabawan Tucson, an yi ruwa da dare, hamadar duk ta ɗauki wani ƙamshi da wani ƙaramin tsiro mai ganye kamar an shafa masa mai yake fitarwa. Kafin azahar na koma bakin shadda da bokiti, da babbar rigata a kujerar mota.

A Oktoba aka rufe. Muka zuƙe ruwan famfuna kada ƙanƙara ta fasa bututu, muka kulle ƙofofi, na mayar da rediyo da makullai, aka ce in ina so in dawo baɗi. Abin da na tara bai kai na taksi ba, amma wata 11 ban biya haya ba, bayana kuma ya daina ƙara.

Kafin in kama hanyar Houston na biya ta gangaren da muka tuge. Ta dawo. Ba kamar da ba, amma ga ta nan tsakanin duwatsun da muka danne ta da su, kore shar, ta kai gwiwa, wani ƙaramin sawaro da bai fi kwalbar lemo ba yana tsakiyarta. Na tuge waɗanda ke kewaye da shi da hannu, na ɗauki hoton sauran na tura wa ƙanena ya nuna wa Baba. Ina tsintar irin da ya maƙale a safata kada in kai shi wani wuri, saƙon murya ya shigo. Baba ne. Ya ce ciyawar ta yi kyau ƙwarai, tunkiyar Inna ta haifi tagwaye, harawa kuma bana sai wanda ya gani.